Zagayen Tsibirin Wight: Ta Ruwa da Ta Sama

Tsakanin gaɓar kudancin Ingila da tsibirin Wight akwai wani mashigin teku da ake kira Solent. Tsawonsa kilomita 30 ne da 'yan kai, kuma a bakinsa na yamma yakan matse har ya koma kilomita ɗaya da ɗoriya. Duk da wannan ƙanƙanta, ta nan manyan jiragen dakon kwantena ke shiga Southampton, ta nan jiragen yaƙi ke fita daga Portsmouth, jiragen fito na ta kai da kawowa, ga kuma dubban ƙananan jiragen shaƙatawa masu filafilai da ke cika ruwan duk ƙarshen mako. A samansa ma haka abin yake: jiragen fasinja masu sauka a Southampton, da ƙananan jirage masu farfela ɗaya na masu tuƙi don sha'awa. Kusan duk waɗannan mutane, na ruwa da na sama, jagoransu ɗaya ne, wato taurarin ɗan Adam na GPS.

Wani abokina likita da ke aiki a Southampton shi ya ja ni wurin. Ya daɗe yana taya wani dattijon Bature tuƙa jirginsa, wanda ke ɗaure a kogin Hamble, kuma kowa a wurin Kyaftin yake kiran dattijon, mu ma muka bi sahu. Jirgin bai fi mita 10 ba, da ɗan ɗakin kwana da kicin a cikinsa, da wani ƙarfe mai nauyi a ƙasansa wanda ke nitse kusan mita 2 cikin ruwa don kada iska ta kifar da shi. Wannan ƙarfe shi ne abin da hankalin kowane mai irin wannan jirgi ke kansa, domin shi ke fara taɓa ƙasa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daren jajibiri Kyaftin ya shimfiɗa taswirar takarda a kan tebur, ya buɗe littafin lokutan cikowa da janyewar teku, ya ɗauki fensir. Sai da ya gama zana hanyar a takarda sannan ya kunna na'urar da ke maƙale kusa da sitiyari, ya shiga zuba mata zango-zangon da za mu bi. Na lura ba ya ɗora zango daidai kan gangunan ƙarfe, ja da kore, da ke shawagi a ruwa a matsayin alamun hanya. Yakan matsar da shi gefe da 'yar tazara. Da na tambaya sai ya ce na'urar ba ta wasa, in ka ce ta kai ka kan ganga, kan ganga za ta kai ka, kuma an sha ganin waɗanda suka yi karo da alamar da suke nema. Ban da haka, kowa a kan gangar yake ɗora zangonsa, don haka nan ne jirage ke cunkushewa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Taurarin GPS kusan 30 ne ke kewaya duniya a tsayin kimanin kilomita 20,200, kowanne yana zagayawa sau biyu a yini. Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba ya daina sanarwa ta rediyo cewa ga inda yake, ga kuma ƙarfe nawa. Na'urar da ke jirgi saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Tana lissafin daɗewar da saƙon ya yi a hanya, daga nan ta san nisanta da tauraron. Idan ta ji aƙalla taurari 4, ta gano inda take. Da yake saƙon na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa mutum mita 300 daga inda yake.

Sojojin Amurka suka gina tsarin don amfanin kansu. A ranar 1 ga Satumba 1983 jirgin fasinjan Koriya ta Kudu ya saki hanya ya faɗa sararin samaniyar Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan wannan ne Shugaba Ronald Reagan ya ce za a bar farar hula su amfana da GPS. An kammala tsarin a 1995, amma da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskurensa yakan kai mita 100. A watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina, cikin dare ɗaya kuskuren ya sauko ƙwarai. Kyaftin ya ce yana tuna shekarar, domin a ƙarshen Maris ɗinta aka rufe tashoshin Decca, tsohon tsarin rediyo na ƙasa da masunta da masu jirage irin nasa suka dogara da shi shekara da shekaru. Yau kuwa na'urori da yawa, har da wayoyin hannu, suna sauraron taurarin GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin tare da na Amurka.

Da hantsi muka kwance igiya muka gangaro kogin Hamble da inji, sai da muka fito fili aka ɗaga filafilai aka kashe injin. A allon na'urar ga ɗan hoton jirginmu yana rarrafe a kan taswira, kewaye da wasu ƙananan alamu masu kusurwa uku. Waɗannan jiragen da ke sanar da kansu ne ta wani tsari mai suna AIS: kowane babban jirgi na karanto matsayinsa daga GPS, sai ya watsa sunansa da gudunsa da inda ya dosa. Likita ya danna ɗaya, sai ga sunan wani jirgin kwantena da bai ko ɓullo mana ba tukuna, da lissafin mintunan da suka rage ya iso inda muke.

"Malam, riƙe da kyau, za mu juya," in ji shi.

Dokar wurin ita ce, duk jirgin da ya haura mita 150 yana da wani fili da ke tafiya tare da shi, mita 1,000 a gabansa da mita 100 a kowane gefe, wanda aka haramta wa ƙananan jirage shiga. Muka kauce tun da wuri. Da ya iso sai muka ga dalili: gini ne sukutum ke tafiya a kan ruwa, kuma dole ya yi wata muguwar kwana a daidai nan, saboda a tsakiyar mashigin akwai tudun yashi da ake kira Bramble.

Wannan tudu ba a ganinsa sai ruwa ya janye matuƙa. Sau ɗaya a shekara, ranar da ya fito fili na kamar awa guda, 'yan ƙungiyoyin masu jirage biyu, ɗaya daga Hamble ɗaya daga Cowes, kan sauka a kansa su buga wasan kurket da fararen kaya har ruwa ya kore su. Sauran kwanakin kuwa tarko ne. A Nuwambar 2008 shahararren jirgin fasinja Queen Elizabeth 2 ya maƙale a kansa a shigowarsa ta ƙarshe Southampton kafin a kai shi Dubai. A Janairun 2015 jirgin dakon motoci Höegh Osaka ya karkace jim kaɗan da tashi, ya ƙare a kwance kan tudun da motoci sama da 1,000 a cikinsa.

A nan na ga idon Kyaftin ya bar taswirar na'ura ya koma kan wani ƙaramin allo da ke nuna zurfin ruwa a ƙarƙashinmu. Ya ce tauraro zai gaya maka inda kake, amma taswirar da aka ɗora ka a kai mutane ne suka auna ta wata rana da ta wuce, yashi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Lambar zurfin da ke rubuce a taswira ta lokacin da ruwa ya fi kowane lokaci janyewa ce, sai ka ƙara mata tsayin cikowar wannan sa'a daga littafinka, ka cire zurfin ƙarfen jirginka, abin da ya rage shi ne tsakaninka da kunya.

Muka wuce Cowes ta hannun hagu. Garin masu jiragen filafilai ne tun fil azal: makon tseren da ake yi a nan ya faro ne a 1826, kuma daga nan aka yi tseren zagaye tsibirin a 1851 wanda jirgi mai suna America ya lashe, kofin da ya ɗauka ya ci sunansa har yau. Ba mu tsaya ba. Da la'asar muka shiga wani lungun ruwa mai suna Newtown, wurin da aka keɓe don tsuntsaye da namun daji, muka jefa anka. Kafin a ɗora abinci Kyaftin ya zana wa na'urar da'ira kewaye da jirgin, ta yadda in ankar ta saki cikin dare muka fita daga da'irar za ta yi ƙara ta tashe mu. Da, in ji shi, sai dai a raba dare ana gadi. Ni da Likita kuma muka nemi alƙibla da wayar hannu, ta nuna kudu maso gabas. Sai dai jirgin da ke kan anka juyawa yake yi da ruwa, inda muka fuskanta da magariba ba nan muka fuskanta da asuba ba, kowace salla sai an sake dubawa.

Gari ya waye da hazo mai kauri, ko jirgin da ke maƙwabtaka da mu ba ma gani sosai. Na'ura na nuna hanya tar, amma Kyaftin ya ɗora shayi ya ce a jira. Dalilinsa shi ne allon ba ya nuna kwale-kwalen da bai da AIS, ba ya nuna igiyoyin tarkon ƙaguwa da masunta ke bazawa waɗanda kan naɗe farfela. Ya ce a da hazo kan zaunar da kowa a tasha domin ba wanda ya san inda yake, yanzu kuwa kowa ya san inda yake, saboda haka kowa ya fito, kowa idonsa a allo. Likita ya dube ni ya ce, "Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Da hazon ya yaye muka doshi yamma, muka bar Yarmouth a hagu, muka nufi matsin Hurst, inda Sarki Henry na Takwas ya gina ganuwa a shekarun 1540, kuma a cikinta aka tsare Sarki Charles na Ɗaya a 1648. Duk ruwan yammacin Solent ta wannan ƙofa yake fita, yana tafasa yana murɗawa. A nan na fahimci amfanin wasu lambobi biyu da ke gaban matuƙi. Ɗaya na nuna gudun jirgi a cikin ruwa, ɗayar kuma, ta GPS, na nuna gudunsa a kan doron ƙasa. Ta farko tana kan mil 5 na teku a awa, ta biyu ta haura 8, bambancin kuwa ruwan ne ke ɗauke da mu. Wanda ya zo a lokacin da ruwan ke gaba da shi zai iya wuni yana tuƙi ganuwar na nan gefensa. Haka kuma hancin jirgi na iya kallon wani wuri alhali ruwa na jan sa gefe, kuma layin da na'urar ke shatawa shi ke tona wannan. Kafin zuwanta sai an yi lissafi da kamfas da agogo da fensir.

Daga nan sai ga Needles, duwatsun farin alli guda uku a jere cikin teku, da hasumiyar fitila mai ratsin ja da fari a ƙarshensu wadda aka gina a 1859. Ta dama kuma ga tudun tsakuwa na Shingles, ruwa na farfashewa a kansa. Dab da hasumiyar, a ƙarƙashin ruwa, akwai ragowar wani jirgin Girka mai suna Varvassi da ya dagargaje a 1947. Duk shekara a tseren zagaye tsibirin, mai nisan kimanin mil 50 na teku, akan sami masu son yanke hanya su bi ta tsakanin tarkacen da hasumiya, kuma ba sau ɗaya ba ƙarafan suka huda jirage. Kyaftin ya ba wurin tazara mai yawa. Ra'ayinsa shi ne GPS ta raba masu jirage gida biyu. Wasu sun karɓi daidaitonta suka ƙara wa kansu natsuwa, wasu kuma suka mai da shi lasisin gogar dutse, suna cewa ai na'ura ta nuna saura mita 20.

Ya ba mu labari biyu da kowane ɗalibin tuƙi a nan ya sani. A Yunin 1995 jirgin yawon buɗe ido Royal Majesty ya taso daga Bermuda zuwa Boston da mutum sama da 1,500. Wayar eriyar GPS ɗinsa ta cire, na'urar ta koma ƙiyasi, ta ci gaba da nuna lambobi kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya gwada ta da wani abu, har jirgin ya kafe kusa da Nantucket, mil 17 daga inda ake zaton yake. A Nuwambar 2014 kuma jirgin tsere Vestas Wind, da ƙwararrun matuƙa a cikinsa, ya hau kan duwatsun Cargados Carajos a Tekun Indiya da dare. GPS ɗinsu lafiya lau take, duwatsun ma suna cikin taswira, sai dai ba sa fitowa sosai sai an zuƙo hoton kusa. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba a duka biyun.

A saman tsaunin da ke kallon Needles akwai tarihin da ya dace da tafiyarmu. A Alum Bay, nan kusa, Guglielmo Marconi ya kafa tashar rediyonsa a 1897 yana gwada aika saƙo ga jiragen ruwa. A High Down kuma aka riƙa gwajin rokar Black Arrow, wadda ta ɗauki tauraron Prospero na Birtaniya zuwa sama daga Ostireliya a 1971.

Ɓangaren sama na tafiyar daga filin jirgin Lee-on-the-Solent ya fara, cikin ƙaramin jirgi Cessna mai kujeru huɗu. Matuƙiyar wata malama ce da ke koyar da masu neman lasisin tuƙi na sha'awa. A cinyarta akwai taswirar takarda da layi a shace, a gabanta kuma kwamfutar hannu mai manhajar SkyDemon, wadda matuƙan ƙananan jirage ke yawan amfani da ita a Birtaniya. Da muka ɗaga sai Solent ɗin da ya ci mana yini ya zama abin da ido ke ɗauka lokaci guda: ga hasumiyar Spinnaker ta Portsmouth mai tsayin mita 170, ga ganuwoyin nan masu da'ira da aka gina a tsakiyar ruwa a ƙarni na 19 don tsoron Faransa, ga Bramble ya yi ɗorawa-ɗorawa a ƙarƙashin ruwa.

A sama babu tudun yashi, amma akwai katangu da rufi waɗanda ido ba ya gani. Sararin da ke kewaye da filin jirgin Southampton a hannun masu kula da zirga-zirga yake, ba a shigarsa sai da izini ta rediyo. Ƙaramin jirgi ɗaya da ya faɗa ciki bisa kuskure ya isa ya sa a karkatar da jiragen fasinja, kuma akwai shekarun da irin wannan kutse ya haura 1,000 a Birtaniya. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar ke ƙarfafa amfani da taswirar GPS mai motsi, wadda ke yi wa matuƙi gargaɗi tun kafin ya isa iyaka. Malamar ta ce gargaɗin kaɗai bai wadatar ba, domin da mutane suka ga layin ƙuru-ƙuru a allo sai suka fara bin gefensa kamar za su taɓa shi, 'yar iska ko ɗan juya kai ya isa ya tura su ciki. Shawarar da ake ba su ita ce a bar tazarar mil 2 daga gefe, da ƙafa 200 daga rufin. Ita da Kyaftin ba su san juna ba, amma magana ɗaya suke yi.

Ta nuna mini wani abu kuma. Kwamfutar na ba da tsayinmu bisa lissafin taurari, amma ba da shi take aiki ba. Agogon tsayi na jirgin, mai auna nauyin iska, shi ne abin dogaro, saboda da shi aka shata rufin kuma da shi sauran jirage ke tashi. Idan kowa ya bi ma'auni daban, jirage biyu na iya zaton akwai tazara tsakaninsu alhali babu.

Muka bi gaɓar kudu ta kan hasumiyar St Catherine, muka kewayo Needles, inda duwatsun suka koma kamar haƙora uku a cikin kumfa. A hanyar dawowa ta kife kwamfutar ta ce haka take yi wa ɗalibanta ba tare da sanarwa ba: su nuna mata inda suke da taswira da agogo da abin da ke ƙasa, layin dogo ko bakin kogi ko hasumiyar coci. Batir kan mutu, zafin rana kan kashe kwamfuta, kuma saƙon taurari ba shi da ƙarfi, toshe shi ba wuya. Sojoji kan yi atisayen toshewa su sanar da matuƙa tun da wuri, a wasu yankunan kuwa ba sanarwa: a 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na Istoniya har wata guda saboda katsalandan ga GPS. Irin tarbiyyar madugun ayarin Bilma ke nan, wanda ko da an ba shi na'ura ba zai daina karanta rairayi da taurari ba. Muka sauka a Sandown, a kan titin ciyawa, ba nisa da Bembridge inda jirgin sama ƙirar Islander ya fara tashi a 1965.

Abin da na taho da shi daga Solent shi ne, saƙon taurarin kyauta ne kuma ko'ina yana sauka, amma abin da ke ba shi daraja aikin ƙasa ne. Ofishin auna teku na Birtaniya tun 1795 yake zana taswirori yana sabunta su. Hukumar Trinity House, mai kula da fitilun gaɓar Ingila, ta sami takardar kafuwarta a 1514. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda galibin ma'aikatan jiragenta 'yan sa-kai ne, tana aiki tun 1824. Taurarin da suka raka mu Needles su ne ke wucewa ta saman tafkin Kainji da kogin Kwara, kuma wayar da ke aljihun mai jirgin fito a Yawuri tana jin su sarai. Za ta nuna masa inda yake, amma ba za ta nuna masa kututturen da ke ƙarƙashin ruwa ba sai ranar da wani ya auna wurin, ya sa shi a taswira, ya kafa masa alama, aka kuma sami wanda zai riƙa komawa yana dubawa.